Yadda Ake Jinyar Mura a Makka, da Yadda Ake Gane Lokacin da Ta Wuce Mura

Duk wanda ya taɓa yin sallar asuba a Harami bayan an sauko daga Mina ya san sautin da nake nufi. Liman na kai ƙarshen aya ya ɗan tsaya jan numfashi, sai tari ya tashi daga sahu zuwa sahu kamar an ba da umarni. Larabawa na ce mata zukam, mu kuma mura muka sani, alhazanmu har suna suka ba ta: tsarabar Makka. Na daɗe da zama a wajen Shara Mansur a nan Makka, kuma kowace shekara baƙi daga gida kan sauka a wurinmu ko su neme mu daga masaukansu na Misfala. Tambaya ɗaya ce ke maimaituwa: "Wane magani ne mai ƙarfi da zai kashe ta yau?" Ba shi. Mura tana da kwanakinta, sai ta cika su. Abin da ke hannun mutum shi ne ya sauƙaƙa wa jikinsa waɗannan kwanaki, kada ya jawo wa kansa wata cutar da maganin da bai dace ba, kuma ya san ranar da zai daina kiran abin mura ya nufi asibiti.

Fara da sanin abin da ya kama ka

Ƙwayar cutar bairas ce ke kawo mura, kuma irinta sun haura 200. Wadda ta fi yawa ita ake kira rinobairas. Yawan nan nasu shi ya sa babu rigakafi ɗaya da zai rufe su duka, shi ya sa kuma za ka warke yau, bayan wata guda wata ta sake kama ka. Babban mutum kan yi mura sau 2 zuwa 3 a shekara, yaro ƙarami kuwa yana iya kaiwa sau 6 zuwa 8, kuma wannan ba alamar jini mara kyau ba ce.

Tana shiga ta hanci, ta ido ko ta baki. Wani ya yi atishawa kusa da kai, ko ka yi musabaha da wanda ya gama fyace majina, ko ka riƙe ƙarfen bas ko madannin lif sannan ka murza ido. Bayan kwana 1 zuwa 3 sai ka ji maƙogwaro na ƙaiƙayi. A aikin Hajjin 2024 mutane sama da miliyan 1.8 ne suka taru daga kowace kusurwa ta duniya, kowa da irin ƙwayar da ya taho da ita daga ƙasarsu, aka kwana tanti ɗaya a Mina, aka cuɗu a wurin jifa. Ko da babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗaya a Makka, mura za ta yi yawo.

Na ambaci mukayyif ne saboda shi da Zamzam mai sanyi su ake ɗora wa laifi. Sanyi da kansa ba ya haifar da mura, sai da ƙwayar cuta. Amma masu zargin ba su yi kuskure gaba ɗaya ba: busasshiyar iskar na'urar tana busar da cikin hanci da maƙogwaro, kuma fita daga zafin rana a faɗa ɗakin da aka ƙure sanyi yana tayar da tari ga wanda maƙogwaronsa ya riga ya yi rauni. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na 1: riƙe ranar da ta fara

Wannan shi ne abin da mutane suka fi rainawa, alhali shi ne ma'aunin komai. Rubuta ranar a waya, ko ka ɗaure ta da wani abu: ranar da muka je Tan'im, ranar da muka taso daga Madina.

Kwana na 1 da na 2, ƙaiƙayin maƙogwaro, atishawa, majina tsararo kamar ruwa. Kwana na 2 zuwa na 4 abin ke kai maƙura: hanci ya toshe, kai ya yi nauyi, jiki ya mutu, wani lokaci da ɗan ɗumin jiki. Daga nan majina ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa ko ma kore-kore. A daidai nan ne mutane ke firgita su ce ta zama babbar cuta. Canjin launin nan aikin garkuwar jiki ne, shi kaɗai ba hujja ba ce ta cewa bakteriya ta shiga. Zuwa kwana 7 ko 10 yawancin abin ya lafa. Tari ne ɗan baya mai taurin kai, yana iya bin mutum har mako 3.

Idan ciwonka na tafiya a kan wannan hanya, kana samun sauƙi ko da kaɗan-kaɗan ne, to mura ce, ci gaba da jinya a masauki.

Mataki na 2: tabbatar ba wani abu ne ya saka rigar mura ba

A ƙasar nan wannan matakin ya fi kowane nauyi, don akwai cututtuka da dama da ke fara sallama da irin muryarta.

Ta farko ita ce babbar mura, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita ba ta lallaɓowa. Da safe kana lafiya, kafin la'asar zazzaɓi mai zafi ya kwantar da kai, gaɓoɓi na ciwo kamar an yi maka duka, ko tashi alwala ya gagara. Tana da magani, amma ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48 na farko, don haka tsoho, mai juna biyu, mai ciwon suga, mai asma ko ciwon zuciya kada ya tsaya jira. Korona ma har yanzu tana nan, kuma da ido ba a raba ta da mura sai da gwaji.

Ta biyu, zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ko Zariya yana iya tahowa da shi a jini, sai ya kwana bakwai ko goma a nan sannan ya bayyana. Zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon kai, ba majina ba atishawa, wannan gwajin jini yake buƙata. Ka faɗa wa likita da bakinka daga ƙasar da ka zo da ranar da ka sauka. Mazauna Jidda da Makka kuma su tuna da zazzaɓin dengi, wanda aka san shi a Jidda tun 1994: zazzaɓi mai zafi, ciwo a bayan ido, ciwon ƙashi.

Ta uku, bugun zafin rana. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutane sama da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wanda ya dawo daga rana jikinsa ya yi zafi rau, yana jiri, magana tana ruɗe masa, ba Panadol yake buƙata ba. A kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a kira motar agaji nan take.

Sai sanƙarau, wanda saboda shi ne aka wajabta wa kowane alhaji allurar rigakafi bayan ɓarkewar da aka gani a 1987 da kuma 2000 da 2001. Zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, wuya ya sanƙare, ido ba ya son haske: asibiti a wannan sa'ar. Akwai kuma cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a nan Saudiyya a 2012, kuma tana da alaƙa da raƙuma. Mutanenmu na son zuwa wurin masu raƙuma a bayan gari su sha ɗanyen nono. Ina roƙon ku da ku bari. Wanda kuma ya riga ya je sannan zazzaɓi da tari suka kama shi, ya faɗa wa likita ba tare da ɓoyewa ba.

Mataki na 3: ruwa, hutu da gyaran ɗaki

Sha ruwa akai-akai, ba sai ƙishi ya zo ba. Ma'auninka fitsari ne: idan ya yi duhu kuma ya ƙaranta, ruwan bai isa ba. A Harami akwai tulunan Zamzam da aka rubuta wa "ghairu mubarrad", wato wanda ba a sanyaya ba, nemi su idan mai sanyin na tayar maka da tari. Abu mai ɗumi yana sassauta majina: shayin citta da lemon tsami, na'ana'a, kunun gyaɗa ko na tsamiya, romon kaza mai ɗan yaji. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa, ya tsaya a kan abin da aka gaya masa.

Mukayyif kuma, a ɗaki mai mutum huɗu ko biyar sai an yi haƙuri da juna. A daidaita shi wajen digiri 24, a kawar da bakinsa daga kan gadon mara lafiya, a kashe shi lokaci-lokaci a buɗe taga idan tana buɗuwa. Mai mura ya ƙara matashi ɗaya ya ɗaga kansa, don kwanciya shimfiɗe ita ke sa majina gangarowa maƙogwaro ta hana barci.

Hutun shi ne mai wuya. Na sha zama da dattawa ina lallashi. Wani tsoho daga wajen Katsina, kwana uku kafin a fita Mina, muryarsa ta dashe, idonsa ya yi ja, amma ya ɗaure sai ya je Harami sallah biyar. Na ce, "Baba, don Allah ku kwanta yau da gobe. Arfa kuka zo, ita ce ba ta da ramuwa." Ya ce, "Yaro, shekara ashirin ina tara kuɗin kujerar nan, in zo kuma in kwanta?" Na fahimce shi sarai, ban kuma ga laifinsa ba. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne da malamin tawagarsu ya tuna masa hadisin da ke cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Ya huta kwana biyu, ya tsaya Arfa da ƙafarsa. Akwai keken ɗawafi da sa'ayi, akwai wakilci a jifa ga wanda ya gaza, akwai rangwamen ajiye azumi ga mara lafiya idan Umarar Ramadan ce. A tambayi malami yadda kowanne yake, kada a ji nauyi.

Mataki na 4: ruwan gishiri, zuma da sirace

Don maƙogwaro, zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ka ɗaga kai ka kurkure can ciki ka zubar, sau uku ko huɗu a rana. Don hanci, kowace saidaliyya, wato kantin magani, tana sayar da ruwan gishiri na fesawa ko na ɗigawa, ba ya buƙatar takardar likita, kuma ya dace da kowa har jariri. Wanda zai haɗa nasa ya yi da ruwan da aka tafasa ya huce.

Zuma cokali ɗaya ko biyu kafin barci tana rage tarin dare, ita kaɗai ko a ruwan ɗumi. Masu haɗawa da habbatussauda ba laifi, sai dai a tsaya a ɗan kaɗan. Amma jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko lasa kada a ba shi, domin zuma na iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjinsa bai iya yaƙa ba, ta shanye masa jiki. Mai ciwon suga shi ma ya lissafa ta cikin abin zaƙin da yake sha.

Sirace muna son sa, kuma yana ɗan buɗe hanci na ɗan lokaci. Haɗarinsa shi ne ƙuna. Roba cike da tafasasshen ruwa a kan katifa, mutum ya lulluɓe da bargo, yara na kai-kawo, haka ake samun ƙunar da ta fi murar muni nesa ba kusa ba. Ga yara a bar shi sam. Shiga banɗaki a saki ruwan ɗumi a shaƙi tururin ya wadatar.

Mataki na 5: idan za ka shiga saidaliyya

Farasitamol shi ne na farko ga ciwon kai, ciwon jiki da zazzaɓi. Babba na shan ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Tsoho mara jiki ko mai ciwon hanta ya sha ƙasa da haka bisa shawarar likita. Ga tarkon da ya fi kama mutane: yawancin magungunan da aka rubuta wa na mura, na ƙwaya da na garin da ake kaɗawa a ruwan zafi, akwai farasitamol a cikinsu. Sai mutum ya sha Panadol, ya bi da na mura, abokin ɗaki ya miƙo masa wani daga jakarsa, a rana ɗaya ya ninka ƙa'ida bai sani ba, hanta ce kuma ke ɗaukar dukan. Kwashi duk abin da kake sha ka nuna wa mai saidaliyya ya duba maka.

Ibuprofen ma yana aiki, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da wanda ake zargin dengi su nisance shi. Asfirin ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba.

Maganin fesawa mai buɗe hanci irin Otrivin yana aiki cikin mintoci, shi ya sa ake manne masa. Kada a wuce kwana 3 zuwa 5. In aka zarce, hancin kan koma ya toshe fiye da da, sai mutum ya zama ba ya iya barci sai da shi. Ƙwayoyin buɗe hanci kuma suna iya ɗaga hawan jini, kuma da yawa daga alhazanmu suna da shi, wasu ma ba su sani ba. Piriton da danginsa suna sa barci da jiri, suna kuma iya riƙe wa dattijo fitsari. Ba abin sha ba ne ga mai shirin shiga cunkoson jifa ko mai tuƙi.

Yaran da ba su kai shekara 6 ba, a bar ba su ruwan maganin tari da mura sai likita ya rubuta. Ruwan gishiri a hanci kafin shayarwa, nono ko ruwa akai-akai, da farasitamol na yara gwargwadon nauyin yaron, da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, ba cokalin gida ba.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai. Kusan kowace jakar alhaji akwai kafso na Amoxil ko Ampiclox, wasu kuma allura suke nema don sun ɗauka ita ce mai ƙarfi. Waɗannan magunguna bakteriya suke kashewa, mura kuwa bairas ce, ko kusa ba sa taɓa ta. Mutum ya sha a kwana na biyar, ya ji sauƙi a na bakwai, sai ya yaba wa kafso, alhali lokacin tafiyarta ne ya yi. Abin da ya samu shi ne gudawa ko ƙuraje, da ƙwayoyin cuta a jikinsa da suka koyi jure maganin, ranar da ciwon huhu na gaske zai zo sai a rasa abin ba shi. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsananta doka a kan sayar da mudad hayawi, wato irin waɗannan magungunan kashe bakteriya, ba tare da wasfa, wato takardar likita, ba, tarar na iya kaiwa riyal 100,000. Idan mai saidaliyya ya hana ka, ba wulaƙanci ba ne. Haka nan ruwan tari mai kodin da taramol, kada wanda ya yi gangancin shigowa da su ko karɓar saƙonsu daga hannun wani; dokar ƙasar nan a kansu ba ta da wasa.

Mataki na 6: kada ka raba wa 'yan ɗaki

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne aka fi yaɗa ta. Yi atishawa a tishu ka jefa a shara, in babu ka yi a lanƙwasar hannu. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufa, ya kuma sassauta murya. Wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20, musamman kafin a sa hannu a tire ɗaya. Ware kofinka da tawul ɗinka. Sa kamama, wato takunkumin rufe baki da hanci, a bas, a lif da cikin cunkoso, a canza ta idan ta jiƙe. Mai harami ya tambayi malaminsa hukuncinta. Jariri sabon haihuwa kuwa, mai mura ya yi barka daga bakin ƙofa, kada ya karɓe shi.

Mataki na 7: alamomin da ba a kwana da su

A tafi asibiti idan numfashi na yin wuya ko ƙirji na ciwo, idan akwai jini a kaki, idan leɓe ya canza launi, idan mutum ya rikice ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba. Haka idan zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko an haura kwana 10 babu sauƙi, ko an fara warwarewa sai ciwon ya dawo da zazzaɓi da ciwon fuska ko na kunne. Wannan dawowar ita ce sau da yawa ke nuna bakteriya ta samu ƙofa, a nan ne likita zai iya rubuta kafson da aka hana ka a baya.

Ga yara, jaririn da bai kai wata 3 ba idan zafinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye. Ɗaga rigar yaro ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, alamar ciwon huhu ce. Ƙin kama nono da bushewar kunzugu na tsawon sa'o'i su ma haka.

Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ce, ana samun shawarar likita dare da rana. 997 ta motar agajin Hilal Ahmar ce, 911 ma tana aiki a yankin Makka. A lokacin Hajji asibitocin gwamnati na Makka da Mina da Arfa suna duba alhazai kyauta, tawagar likitocin Najeriya ma tana da wuraren duba marasa lafiya kusa da masaukai, inda za ka yi bayani da Hausa. 'Yan'uwanmu mazauna da matsalar takarda ke sa su jan ƙafa, na san abin da ke ransu, amma yaro mai numfashi sama-sama ba ya jiran gobe. A nemi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa a daren.

Wanda ya koma gida da tarin, ya ci gaba da ƙirgen kwanakinsa daga ranar da ya rubuta. Idan ya haura mako 3, ko ya zo da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka. Idan kuma zazzaɓi da sarƙewar numfashi suka taso cikin mako biyu da sauka, kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce daga Saudiyya aka dawo, kuma kafin nan a dakatar da rungume-rungumen masu zuwa sannu da zuwa.